Ƙashin Saniya a Bakin Baba

Tun da muka dawo daga Bawku ban sayar da doya cikin kwanciyar hankali ba. Duk wadda ta zo rumfata a kasuwar Salaga, kafin ta taya sai ta ja kujera ta ce, "Rakiya, wai da gaske ƙashin saniya aka sa wa Alhaji a baki?" Na ba da labarin nan har ya fara canza kama a bakin mutane. Shekaranjiya wata ta rantse mini cewa haƙoran bijimin sa aka dasa masa sukutum, wai yanzu har tuƙa yake yi. Shi ya sa na zauna na rubuta shi yadda ya faru, har da wurin da ban so a sani ba, domin kuskuren da aka yi a tafiyar nan ni na yi shi.

Mahaifina, Alhaji Imoru, jikan fataken goro ne, kuma duk unguwarmu ba a suna ko ɗaurin aure sai shi ya yi addu'a. Shekara uku da suka wuce ƙofar bayan motar doya ta kuɓuce ta buge shi a haɓa. Haƙoransa na ƙasa na gaba suka zube, turamen kuwa dama tsufa ya riga ya yi musu sallama. Aka yi masa na roba a Tamale, amma ba su taɓa zama ba. Ranar sunan jikan maƙwabcinmu, yana tsakiyar addu'a, suka faɗo kan tabarma a gaban maza. Ba wanda ya yi dariya, kuma ya ce shirun nan ne ya fi ƙona masa rai. Daga ranar bai sake cin abinci a zaure ba. Ni nake kai masa tire ɗaki, in ja ƙofa. Masallaci kaɗai ke fitar da shi, da rawani a kan baki. Mutum mai jiki ya koma kamar sillen kara. Abin da ya rage masa na jin daɗi shi ne goro, wanda nake goga masa a magogi kowace safiya, ya tara garin tsakanin leɓensa na ƙasa da dasashi yana tsotsa har hantsi.

Amininsa Alhaji Saidu, mai fataucin shanu a Bawku, shi ya kira ya ce akwai wani likitan haƙori, Dokta Isiyaka, ɗan zangonsu da ke aiki a Burkina, yakan zo gida kwanaki kaɗan a wata. Yana kafa ƙusa ta ƙarfe a cikin ƙashin muƙamuƙi, haƙora su zauna a kanta daram. Muka tura masa hoton ƙashin Baba ta waya. Amsa ta dawo cewa ƙashin ya zaizaye, ya zama kamar bakin wuƙa, ba inda ƙusa za ta kama. Sai an fara gina shi da garin ƙashin saniya. Baba ya ce ba wanda zai sa masa mushe a baki sai ya ji ta bakin Afa Yakubu na Yendi, malamin da suka yi karatu tare. Shi ya sa ba mu bi ta Tamale kamar kowa ba.

Mun tashi bayan asuba, tsakiyar damina. Hanyar Bimbilla ta zama kunu. Sau biyu muna kafewa, direba na leƙowa yana cewa, "Mota ya gaji, ku sauka kowa ya sa hannu." Ni kuwa ina rungume da ambulan hoton ƙashi a cikin leda kamar jariri. Da muka tsaya Bimbilla na ajiye shi in gyara ɗaurin zanena, wata mata mai buhun gyaɗa ta zauna a kansa. Na faɗa mata maganar da har yau nake istigfari a kanta.

A Yendi gaisuwa ma aiki ce. Mu a Salaga kin rusuna kin gaida babba kin tashi. Can matan gidan Afa suka durƙusa, ana jero musu tambaya suna amsa "Naa, naa," ba ranar tashi. Na bi sahu, gwiwoyina suka yi ta ƙara, sai da wata ta kama hannuna na miƙe. Aka kawo wasawasa, dambun garin doya, baƙi ƙirin, da mai da yaji. Na yi masa kallon raini, na ƙare da kwano biyu. Baba kuwa ya ce a kai masa koko ɗaki. Afa Yakubu, tsoho ɗan siriri mai yawan tsokana, ya ɗauki nasa kwanon ya bi shi, ya ce in shigo in riƙe musu waya.

"Imoru," in ji Afa, "shanu nawa ka cinye a rayuwarka? Duk ba sun zama tsokarka ba?"

"Waɗancan an yanka su," Baba ya amsa ta bayan rawani. "Wannan wa ya san wanda ya yanka ta?"

Na kira Dokta na buɗe murya. Ya yi bayani a natse. Ya ce ƙashin ana wanke shi a ƙona shi da wuta mai tsanani har kitse da jini da duk abin da ke na dabba ya tafi, sai farin abu kamar alli ya rage. Ya ce ba shi ne zai zama ƙashin Baba ba. "Ku masu doya ne," in ji shi. "Kamar sandar da ake kafa wa doya ce ta hau. Ƙashin Baba ne zai bi ta kansa ya tsiro." Afa ya tambayi tantanin da ake rufe wurin da shi, don ya ji ana cewa na alade ne. Dokta ya ce akwai na alade, amma ya san mutanensa, na saniya yake kawowa. Afa ya shafa gemu, sannan ya ce a ganinsa abin da wuta ta canza haka, kuma don magani, babu laifi. Da ya ji cewa za a hana kurkure baki na kwanaki, ya ce kurkura sunna ce, alwala tana inganta ba tare da ita ba. Baba ya yi gunaguni cewa shekara sittin bai taɓa tsallake ta ba, amma da safe shi ya riga ni shiri.

Daga Yendi muka bi ta Gushegu. Gangaren Nakpanduri na rufe ido na yi ta salati har muka sauka. Daga nan shingayen sojoji suka fara, kuma duk motar ta yi tsit, don kowa ya san Bawku ba ta zaune lafiya, akwai dokar hana fita, direba yana ta duba agogo. A wani shinge kusa da Garu aka ce kowa ya sauko da jakarsa. Wani soja ya zaro ɗan gwangwani daga jakar Baba ya girgiza, ya ji ƙara. Na ce masa don Allah ya bari. Bai ji Hausa ba, ya buɗe a gaban fasinjoji duka, ga haƙoran roba suna yi masa murmushi. Ya yi maza ya rufe, ya miƙa wa Baba da hannu biyu yana ba da haƙuri. Amma an riga an gani. Muka koma mota. A lokacin na ƙudura cewa ko me za a yi, ba zan mayar da shi Salaga da gwangwanin nan a matsayin bakinsa ba.

Mun shiga Bawku da la'asar sakaliya, mutane na ta rufe shaguna. Alhaji Saidu ya tarbe mu a ƙofar gida, kafin ma gaisuwa aka miƙo mana zomkom, ruwan garin gero mai citta, don a can baƙo ba ya magana sai ya jiƙa maƙoshi. Ya ja ni gefe ya ce, "'Yata, a garin nan ki gaida kowa, kada ki tambayi kowa shi wane iri ne." Sannan ya kawo wa Baba kyautar da ta dace da jikan fatake, farin goro manya a naɗe cikin ganye. Surukarsa Azara, mace mai faɗin kafaɗa da ke sayar da albasa, ita aka haɗa ni da ita. Mu ma mata na hawa babur a Salaga, amma ban taɓa ganin irin na Bawku ba. Azara tana goye da 'yarta, buhu a gaba, waya a kunne, haka take shiga kwana. Na ce mata ni da babur sai dai kallo.

Ranar Litinin aka yi aikin, a wani ɗan asibiti bayan kasuwar hatsi. Dokta Isiyaka matashi ne mai sanƙo tun da wuri, Hausarsa ta zango gauraye da Faransanci. Ya auna sukarin Baba da jininsa, ya tambaya ko yana shan taba ko yana sa ta a baki. Baba ya ce Allah ya kiyaye. Ba wanda ya tambayi goro, ni ma ban ambata ba, don a wurinmu goro ba abin faɗa wa likita ba ne. Ya nuna mini 'yar kwalba mai fararen ƙwayoyi kamar tsakin shinkafa, ya ce garin ke nan. Ya ɗebi jinin Baba a hannu ya sa a wani inji mai juyawa, bayan ɗan lokaci ya zaro wani abu rawaya mai danƙo daga kwalbar, ya danne shi ya zama kamar fata. Ya ce wannan zai shimfiɗa a sama don ciwo ya yi saurin haɗewa. Baba ya kalle shi ya ce, "To, wannan dai nawa ne."

Awa biyu muna zaune a benci ni da Azara. Ta ƙofa ina jin ƙarar kankara, don sai da ya kankaro ɗan ƙashin Baba daga can ƙuryar muƙamuƙi ya gauraya da na saniyar. Ya buɗe dasashi, ya cusa garin, ya rufe da tantani don kada nama ya riga ƙashi shiga wurin, sannan ya ɗinke. Da ya fito ya zaunar da ni ya kafa mini doka. Ba tauna, ba abu mai zafi, ba kurkura, ba tofi da ƙarfi, ba asuwaki, ba haƙoran roba, kada a ja leɓe don a leƙa, kuma kada komai ya zauna tsakanin leɓe da dasashi.

"Hajiya, ji ni da kyau," in ji shi. "In kin ga ƙwaya biyu ko uku a bakinsa, ba komai, sukan fita. In kin ga da yawa kamar yashi, ɗinki ya buɗe. Ran nan nake so in gan shi, ba gobe ba. In datti ya shiga ƙarƙashin tantani, sai mun kwashe duka, kuma ƙashin Baba ba shi da ƙarfin aiki na biyu. Alhamis da hantsi zan tsallaka Burkina, sai bayan sati uku. Can wayata ta nan ba ta aiki koraa, ko kaɗan."

Talata haɓar Baba ta kumbura kamar an cusa masa lemo. Wannan an faɗa mana, ban damu ba. Abin da ba a faɗa mana ba shi ne ciwon kai. Mutumin da bai taɓa wuni babu goro ba tun yana saurayi, ga shi kwana uku. Laraba ya wuni dafe da goshi, hawaye na bin gefen idonsa, maganin da aka ba shi bai taɓa shi ba. Ba ya iya magana sosai, sai ya nuna ganyen goron Alhaji Saidu da ido, ni kuma in kau da kai. Ina cin tubanin da Azara ta kawo mini a ɓoye a bayan ɗaki don kada ya gani.

Alhamis da safe, rana ta ɗan fito, na shiga na same shi zaune ya jingina kansa da bango. Ya kama gefen zanena ya ce, "Rakiya. Kaɗan." Tun da uwarmu ta rasu ban taɓa jin ya roƙi kowa komai ba. Magogin yana cikin jakata, ban ma san lokacin da na sa shi ba. Na ce wa kaina an hana tauna ne, wannan kuwa gari ne. Na ɓare farin goro na goga kamar rabin cokali, na ce masa, "Baba, a kan harshe za ka sa, ka kora da ruwa yanzu-yanzu." Ya gyaɗa kai. Na fita ɗebo masa koko da ya huce.

Sabo turken wawa, in ji mutane, kuma ni ce wawar, don ni na fi kowa sanin inda hannunsa ke kai garin goro kowace safiya. Da na dawo na tarar yana riƙe da farin hankicinsa a buɗe, idonsa a waje. Ya ji zafi a wurin ɗinkin, ya tura harshe ya kwashe abin da ke ƙarƙashin leɓe, ya tofar. A cikin hankicin ga zaren jini, ga fararen ƙwayoyi birjik kamar yashi. Kwanon koko ya suɓuce daga hannuna. Na duba, na sake dubawa, ban iya bambance goro da ƙashi ba, kuma a idona sun fi abin da na goga yawa nesa ba kusa ba.

Na kira Dokta, waya ba ta shiga. Na kira asibitin, nas ta ce ya bar gida tun ɗazu, motar da zai bi ta nufi Kulungugu, bakin iyaka, ita kuma cire zare kaɗai aka bar mata. Na dunƙule hankicin na fita tsakar gida ba ko mayafi. Azara tana ɗaure buhun albasa a babur. Ta kalli fuskata sau ɗaya, ta kwance buhun ta ture shi ƙasa, ta miƙa wa uwar mijinta 'yar, ta cillo mini gyale.

"Anti, hau. Kama ni da kyau, moto nan ba ya jiran mutum."

Ban san yadda na hau ba. Na san dai na ƙanƙame cikinta da hannu ɗaya, ɗayan yana damƙe da hankici a ƙirjina. Ramukan hanya cike da ruwa, tana kauce wa wasu tana faɗa wa wasu. A shingen farko ta yi wa sojan magana da wani yare cikin sauri, ya ɗaga mana hannu. A na biyu aka tsayar da mu bayan garken shanu, na ji kamar in sauka in ɗauke su ɗaya-ɗaya. Azara ta juyo ta ce, "Me ya faru da Baba ne? Jiya yana lafiya paa." Na ce ban sani ba. Ƙarya na yi mata, ita da ta zubar da kasuwarta saboda ni.

Kulungugu ba wani babban wuri ba ne, amma cike yake da manyan motoci da babura da masu canji da masu talla. Ga sandar ƙarfe a gicciye, ga wata jami'a a tsaye. Ta ce in kawo katin ɗan ƙasa. Katin yana cikin jakata a Bawku, kusa da magogi. Ta ce ba inda za ni, kuma gaskiyarta ce. Azara ta hau kan wani dutse tana leƙe, sai ta yi ihu, "Ga shi can! Farin mota!" Motar tana can gaba da sandar, an gama duba takardunsu, direba yana rufe but. Na kama hannun jami'ar nan na ce, "'Yata, ubana ne. Likitansa ne a motar can." Ba na jin ta fahimci rabin maganar. Ta dubi ƙafafuna, silifas ɗaya nawa ɗaya na wani, ta juya ta tafi da sauri ta buga gilashin motar da hannu.

Dokta ya zo da jakarsa a kafaɗa, fuskarsa ba walwala. Ya ce me ya shiga bakin. Azara tana tsaye a gefena. Na ce, "Goro. Ni na goga masa." Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce in nuna masa.

Na shimfiɗa hankicin a kan kujerar babur na warware. Sai na tsaya ina kallo kamar an canza mini shi a hanya. Ƙwayoyin da na bari farare sun koma ja-ja, kalar da ke bakin kowane tsoho a Salaga. Dokta ya ɗaure fuska ya ce jini ne ya rina su? Na ce a'a. Goro ne. Farin goro in an goga shi ya sha iska, ja yake komawa. Tun ina 'yar shekara biyar na san wannan, kakata ta sha dukan hannuna a kan ɓare goro in bar shi a buɗe, amma tsoro ya goge mini shi tas. Ya zaro ɗan hantsaki daga jaka ya shiga tonawa. A cikin jajayen nan ya ware waɗanda suka ƙi canza kala, fari fat, masu tauri. Guda shida.

"Shida ba yashi ba ne," in ji shi. "Amma da jini. Wani wuri ya buɗe."

Direban farar motar yana ta danna oda. Dokta ya dubi motar, ya dubi hankicin, ya yi wata magana da Faransanci wadda ban nemi fassararta ba. Ya ɗaga wa direban hannu cewa ya tafi. Ya haye bayan Azara, suka bar ni a tsaye, don babur ba zai ɗauki uku a hanyar nan ba.

Zaman da na yi a Kulungugu ina jiran tasi ta cika shi ne mafi tsawo a rayuwata. Wata mai sayar da ƙosai ta ba ni benci, ta ba ni ruwa, ta yi ta yi mini magana da yaren da ban ji ba. Ba waya a hannuna. Ina ta ganin Baba a ɗakinsa na Salaga, ƙofa a ja, ni ina shiga da tire har ranar da ɗayanmu zai mutu, kuma kullum in san rabin cokalin da ya jawo.

Sai bayan azahar na isa asibitin. Baba yana kwance, an sa masa auduga. Dokta ya fito yana goge hannu. Ya ce zare ɗaya ya kwance a gefen hagu, garin goro ya shiga bakin ciwon, amma bai kai ƙarƙashin tantani ba. Ya wanke, ya sake ɗinkewa, ya ƙara magani. Na ce to ya kama ke nan? Ya ce shi ba Allah ba ne, sai wata shida hoto zai faɗa. Har ya juya sai ya dawo ya ce, "Na tambayi Baba wa ya ba shi goro. Ya buga ƙirjinsa, wai shi ya sata kina waje." Nan ne na zauna a ƙasan barandar na yi kukan da na riƙe tun safe. Azara ta zauna kusa da ni, ba ta kuma taɓa tayar da maganar ƙaryar da na yi mata ba.

Bayan sati biyu aka cire zare muka dawo ta Zebilla da Tamale, don na rantse ba zan sake ganin gangaren Nakpanduri ba. Wata shidan nan ba goro ko ɗaya da ya shiga gidanmu. Baƙi suka yi ta gulma cewa gidan fatake ya koma ba da alewa. Ciwon kan Baba ya tafi da kansa bayan kwana goma. Ni kuwa ko tari ya yi sai gabana ya faɗi, kullum ina bin kwanon da ya ci abinci da ido ko zan ga farar ƙwaya.

Da muka koma Bawku, Dokta ya ɗaga sabon hoto kusa da tsohon, wanda har yanzu yana da lanƙwasar mai buhun gyaɗa. Ya daɗe yana kallo. Ya nuna mini da bakin biro inda bakin wuƙar nan ya yi kauri. A hagu, wurin zaren da ya kwance, akwai ɗan rami da bai cika ba. Ya ce zai matsa da ƙusar gefe kaɗan, za ta samu wurin kamawa. Ya kafa biyu. Bayan wata uku muka sake komawa aka ɗora haƙoran, suka shige da 'yar ƙara. Baba ya girgiza kai da ƙarfi, ya yi tari da gangan, ya ce "Bismillahi" da babbar murya. Ba abin da ya motsa. A hanyar dawowa na lura rawanin ya sauko ƙarƙashin haɓa.

Washegarin dawowarmu na dafa sakwara da miyar ganye, na jera a tire, na nufi ɗakinsa kamar yadda na yi kusan shekara uku. Na tura ƙofa, ba kowa. Sai na ji muryarsa daga zaure, da dariyar wasu tsofaffi. Na leƙa. Ya shimfiɗa babbar tabarma, abokansa huɗu na zaune, yana yanka farin goro siri-siri da wuƙa yadda Dokta ya yarje masa, yana ba su labarin soja da gwangwani, bakinsa a buɗe. Ya hango ni. Ya zaro magogin daga aljihu, ban san ma ya ɗauke shi daga inda na ɓoye ba, ya miƙa wa Alhaji Dauda da ba shi da haƙori ko ɗaya, ya ce shi ya fi buƙata. Sannan ya dubi tiren da ke hannuna.

"Rakiya, wannan na mutum ɗaya ne. Koma ki ƙaro, ki kawo nan."